Sa ido kan tashoshin lantarkin teku da jirage marasa matuƙa: yadda aikin yake, da abin da ya shafi Fezzan

A Sabha, babban birnin yankin Fezzan da ke kudancin Libiya, in aka ambaci jirgi marar matuƙi abin da ke fara zuwa a ran mutane shi ne yaƙi. A watan Maris na 2018 sojojin Amurka sun kai hari kusa da Ubari, a watan Agustan 2019 kuma wani harin sama ya kashe mutane fiye da 40 a Murzuk. Sai dai akwai wasu ƙananan jirage na farar hula, waɗanda nauyinsu bai wuce kilo ɗaya ko biyu ba, da ba su ɗauke da komai sai kyamara. Masana a Turai suna amfani da su wajen duba muhallin wuraren da ake samar da lantarki daga cikowar teku da janyewarta. Fezzan ba ta da teku, amma dabarar auna ruwa daga sama ta shafi tafkunanta da gonakinta da kwarurukan da ambaliya ke bi.

Mene ne lantarkin cikowar teku?

Ruwan teku yana cikowa ya hau gaɓa, sannan ya janye, galibi sau biyu a kowace rana. Faransawa suna kiran wannan marée. Wata ne babban sanadinsa, domin ƙarfin jansa yana ɗaga ruwan teku, rana kuma tana taimakawa. Tsakanin cikowa ɗaya da mai bi mata akwai kimanin awa 12 da minti 25, shi ya sa lokacin cikowa yake jinkirtawa da kusan minti 50 kowace rana. Idan wata ya tsaya, da kuma idan ya cika a tsakiyar wata, jan rana da na wata suna haɗuwa, sai cikowar ta yi ƙarfi. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu ga wata kuwa takan yi rauni.

Cikowar teku daban take da raƙuman ruwa. Iska ce ke tayar da raƙuman ruwa, don haka ba a san ranar zuwansu ba. Ita kuwa cikowa ana iya lissafa lokacinta na shekaru masu yawa nan gaba, kuma wannan ne babban abin da ya sa injiniyoyi ke sha'awarta. Dalili na biyu shi ne nauyin ruwa, wanda ya ninka na iska kusan sau 800, don haka ƙaramar farfela a cikin teku tana iya yin aikin babbar farfelar iska. Na uku shi ne yadda ƙarfin ke ƙaruwa da gudun ruwan: in gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinsa yana ninkawa sau takwas. Saboda haka ɗan kuskure wajen auna gudun ruwa yana iya jawo babbar asara ga wanda ya zuba jari.

Hanyoyi biyu na samar da wutar

Hanya ta farko ita ce gina madatsa a bakin kogin da ke shiga teku, a tare ruwa, a sake shi ta cikin injuna. Mafi shahara ita ce tashar La Rance da ke kusa da Saint-Malo a yankin Bretagne na Faransa, wadda Janar de Gaulle ya buɗe ranar 26 ga Nuwamban 1966. Tsawon madatsar mita 750 ne, tana da injuna 24, ƙarfinta megawat 240, kuma kamfanin EDF ne ke gudanar da ita. A wurin, tazarar da ke tsakanin cikowa da janyewa takan haura mita 13 a ranakun da ta fi ƙarfi. Ta riƙe matsayin mafi girma a duniya har zuwa 2011, lokacin da Koriya ta Kudu ta buɗe tashar tafkin Sihwa mai megawat 254. Kanada ma ta gudanar da wata ƙarama mai megawat 20 a Annapolis Royal daga 1984 zuwa 2019.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar madatsa. Ana kafa farfela a ƙarƙashin ruwa, ko a rataye ta jikin wani dandamali mai shawagi, a mashigin da ruwa ke matsewa tsakanin tsibiri da gaɓa yana gudu kamar kogi. Faransawa suna kiran wannan inji hydrolienne. A 2008 aka kafa injin SeaGen mai megawat 1.2 a mashigin Strangford da ke Ailan ta Arewa, aka kammala cire shi a 2019. A arewacin Sikotilan akwai aikin MeyGen, tsakanin gaɓa da tsibirin Stroma a mashigin Pentland Firth, inda aka sa injuna huɗu masu megawat ɗaya da rabi kowanne a 2016 da 2017. A tsibiran Orkney kuma akwai cibiyar gwaji ta EMEC, wadda aka kafa a 2003, inda tun 2021 ake gwada injin O2 mai shawagi mai megawat 2. Faransa ta gwada inji a mashigin Fromveur kusa da tsibirin Ouessant tun 2015, tana kuma shirin wasu ayyuka a mashigin Raz Blanchard na yankin Normandie.

Me ya sa sai an sa ido?

Inda ruwa ke gudu da ƙarfi, nan ne kifi ke taruwa, nan ne kuma tsuntsayen teku da dabbobin ruwa masu shayarwa ke zuwa neman abinci. Cikinsu akwai dangin dolfin, da wata dabba mai ɗan kama da ayu da Faransawa ke kira phoque. Masunta ma nan suke kamu. Wato wurin da ya fi dacewa da inji shi ne wurin da ya fi cunkoson rayuwa.

Tarihin La Rance ya nuna abin da kan biyo baya idan ba a yi hattara ba. Lokacin gina madatsar an toshe bakin kogin kusan shekara uku, halittun ruwan gishiri da yawa suka ɓace, kuma sai da aka ɗauki kimanin shekara goma kafin wurin ya sami sabon daidaito. Har yau mazauna yankin suna kokawa da taruwar laka a bayan madatsar. A Annapolis Royal kuwa, damuwa kan kifin da injin ke kashewa tana cikin matsalolin da suka dabaibaye tashar a shekarunta na ƙarshe.

Game da farfelar ƙarƙashin ruwa, tambayoyin hukumomi kusan iri ɗaya ne ko'ina: shin dabba za ta yi karo da fukafukan injin? Shin ƙararsa za ta kore ta daga wurin kiwonta? Shin gudun ruwa da kwanciyar yashi za su sauya? A shekarun farko na SeaGen, sharaɗin lasisinsa shi ne a tsayar da injin duk lokacin da dabba ta matso kusa, aka sa mutane suna gadi da ido, daga baya aka koma ga na'urar da ke gano abu da sauti a cikin ruwa. A 2023 kamfanin Sustainable Marine ya janye daga gaɓar Fundy ta Kanada, inda cikowar teku ta fi ko'ina tsawo a duniya, kusan mita 16, yana mai cewa ya kasa samun izinin faɗaɗa aikinsa daga hukumar kula da kamun kifi. Batun kare kifi ne tushen taƙaddamar. Ke nan rashin ingantacciyar hanyar sa ido yana iya kashe aiki, kamar yadda zai iya barin ɓarna ta wuce ba a gani ba.

Hanyoyin da aka saba da su suna da tsada ko rauni. Hayar jirgin ruwa a mashigi mai gudu tana cin kuɗi, tana kuma da haɗari. Mai ƙirga tsuntsaye daga kan dutse da madubin hangen nesa yana ganin na kusa da kyau, amma na nesa suna ɓace masa, kuma ba ya iya faɗin ainihin inda kowanne ya nutsa. Tauraron ɗan'adam na kyauta irin su Sentinel-2 na Tarayyar Turai yana dawowa wuri kusan duk kwana biyar, kuma kowane ɗigo na hotonsa yana wakiltar mita 10, alhali ruwan mashigi yana sauya alƙibla cikin awa shida. Wannan giɓin ne ƙaramin jirgi yake cikewa.

Yadda jirgi da manhaja suke aiki

Aikin yana farawa tun kafin a tashi. Mai jirgin yana duba jadawalin cikowar teku, ya zana hanyar da jirgin zai bi a cikin manhajar da ke wayarsa ko allonsa, ya kayyade tsawo, galibi tsakanin mita 60 da 120. A tsawon mita 100, kyamarar irin waɗannan jirage tana ba da hoton da kowane ɗigo nasa ya yi daidai da santimita biyu zuwa uku a ƙasa, wanda ya isa a bambance tsuntsu ɗaya daga wani. Daga nan akwai ayyuka uku da manhaja ke yi.

Na farko shi ne ɗinke hotuna su zama taswira. Jirgin yana kai da komowa a layi, yana ɗaukar ɗaruruwan hotuna, kowanne yana maimaita kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na wanda ya gabace shi. Manhaja tana neman alamomin da suka bayyana a hotuna da yawa, kamar dutse ko kusurwar gini, ta lissafa matsayinsu, ta fitar da babban hoto guda mai ma'auni daidai, haɗe da taswirar tudu da kwari. Pix4D da Agisoft Metashape na kuɗi ne, OpenDroneMap kuwa kyauta ce, haka ma QGIS da ake buɗe taswirar a ciki. Wannan hanya ta dace da gaɓa, da tabkin laka da ke bayyana idan teku ta janye, da wuraren da dabbobi ke hawowa su huta. Idan aka maimaita bayan wata shida ko shekara, sai a ga inda yashi ya ƙaru da inda gaɓa ta zaizaye. A tsakiyar ruwa kuwa ba ta aiki da kyau, domin babu alamar da ke tsaye wuri ɗaya.

Na biyu shi ne auna gudun ruwa. A nan jirgin yana tsayawa cak a sama, kyamararsa ta dubi ƙasa kai tsaye, ya ɗauki bidiyo na minti ɗaya ko fiye. Manhaja tana raba bidiyon zuwa hotuna, ta yanka kowane hoto zuwa ƙananan murabba'ai, ta bi diddigin kumfa da laka da ƴan tarkacen da ke saman ruwa daga hoto zuwa hoto. Misali, in kowane ɗigo santimita 3 ne, kuma wani gungun kumfa ya matsa ɗigo 50 cikin rabin daƙiƙa, to ya yi tafiyar mita ɗaya da rabi, wato ruwan yana gudun mita 3 a daƙiƙa. Manhajar tana yin wannan lissafi a dubban wurare lokaci guda, ta zana taswira mai kibiyoyi da ke nuna alƙibla da saurin ruwa. An fara wannan dabara ne domin auna koguna a shekarun 1990, kuma ana kiran ta LSPIV a taƙaice. Daga cikin manhajojinta akwai PIVlab, da Fudaa-LSPIV wadda kamfanin EDF da cibiyar bincike ta INRAE a Faransa suka samar, ana kuma saukar da ita kyauta.

Na uku shi ne gano dabbobi da ƙirga su. Ana koya wa kwamfuta siffar tsuntsu ko dabba ta hanyar nuna mata dubban misalan da mutum ya riga ya yi wa alama, daga nan sai ta riƙa tsamo su da kanta daga sababbin hotuna, har ta bi sawun kowanne. Duk da haka sai mutum ya sake duba wani kaso na sakamakon, domin farin kumfa da farin tsuntsu suna rikita na'ura.

Abin da bincike ya gano

A mashigin Strangford, Lilian Lieber ta Jami'ar Queen's da ke Belfast da abokan aikinta sun yi nazarin wasu ƙananan tsuntsayen teku masu dogayen fukafukai da ke nutso su kama kifi, waɗanda Faransawa ke kira sterne. A rahoton da suka wallafa a 2019 sun nuna cewa ginshiƙin SeaGen yana yamutsa ruwan da ke wucewa ta bayansa, wannan yamutsi kuma ya zama wurin kiwo da tsuntsayen ke taruwa a kai a kai. A wani rahoton na 2021 sun tsayar da jirgi kimanin mita 100 a sama, suka bi sawun tsuntsayen da kwamfuta, a lokaci guda suka auna motsin ruwan da ke ƙarƙashinsu. Sun ga tsuntsayen sun fi neman abinci a kan ruwa mai jujjuyawa kamar guguwa. Darasin shi ne, ginin da aka kafa a teku yana iya janyo dabbobi kusa da shi maimakon ya kore su, kuma dole a sa wannan cikin lissafi. Wasu daga cikin irin waɗannan tsuntsaye da ke ƙyanƙyasa a Birtaniya da Ailan suna yin hunturu ne a gaɓar Afirka ta Yamma, daga Senegal zuwa Gana.

A mashigin da MeyGen yake, masana na cibiyar binciken muhalli da ke garin Thurso sun yi amfani da hotunan jirgi wajen auna wuraren da ruwa ke ɓulɓulowa daga ƙasa kamar tukunyar da ke tafasa. Irin wannan ɓulɓulowa tana da muhimmanci ga injiniya domin tana girgiza fukafukan inji, tana kuma da muhimmanci ga masanin halittu domin tana iya ɗago ƙananan kifaye sama. A 2022 kuma Iain Fairley na Jami'ar Swansea da abokan aikinsa sun gwada auna gudun ruwa da bidiyon jirgi a Wels da Sikotilan, suka kwatanta da na'urorin da ke cikin ruwa. Abin da suka nuna shi ne hanyar tana da amfani a matsayin binciken farko mai araha, musamman ga ƙananan tsibirai da ƙasashen da ba su da kuɗin hayar jirgin bincike.

Inda jirgin ke gazawa

Kyamara saman ruwa kawai take gani. Farfelar MeyGen tana can ƙarƙashin ruwa, don haka ba jirgi ne zai faɗi ko wata dabba ta yi karo da ita ba. Wannan aikin kyamarar cikin ruwa ne, da na'urorin sauti, da makirufo na ruwa. Gudun ruwan sama ma ba daidai yake da na ƙasa ba, sai an haɗa da ma'aunin da aka ajiye a gindin teku.

Batirin ƙaramin jirgi yana ƙarewa cikin minti 20 zuwa 30, alhali zagayen cikowa da janyewa ya haura awa 12. Iska mai ƙarfi da ruwan sama suna hana tashi, ke nan bayanan da ake samu na ranakun da gari ya yi kyau ne, ba na ranakun hadari ba. Iska kuma tana tura ƙananan raƙuman ruwa a alƙiblar da ba ta gudun ruwan ba, sai manhaja ta ruɗe. Ƙyallin rana a kan ruwa yana toshe hoto, ruwa mai tsabta ƙwarai kuma ba shi da alamar da za a bi. Ƙarar jirgin da kanta tana iya firgita tsuntsaye da dabbobi in ya yi ƙasa da yawa, shi ya sa masana ke kayyade tsawo, suna kuma kauce wa lokacin ƙyanƙyasa. Daga ƙarshe akwai nauyin bayanai: bidiyon yini ɗaya yana cika rumbun kwamfuta, tacewarsa kuma tana buƙatar na'ura mai ƙarfi da wutar da ba ta yankewa.

Libiya da Afirka ta Yamma

Gaɓar Libiya ta kai kusan kilomita 1,800, amma Bahar Rum rufaffiyar teku ce, cikowarta a wajen Tarabulus da Bengazi ba ta kai rabin mita ba. Inda ta fi ƙarfi a kusa shi ne gaɓar Gabes ta Tunisiya, inda take kai wa kusan mita biyu. Saboda haka arzikin makamashin Fezzan yana ga rana, baya ga mai da gas. A yanzu yankin yana dogara da layukan wuta masu tsawo daga arewa da kuma tashar Ubari mai megawat 640, kuma yankewar lantarki, ko kuran kamar yadda ƴan Nijar ke cewa, sananniyar matsala ce a Sabha, musamman da zafi. In wuta ta ɗauke, famfunan rijiyoyi ma sun tsaya.

A Afirka ta Yamma abin ya bambanta daga gaɓa zuwa gaɓa. A Legas cikowar kimanin mita ɗaya ce. A Konakiri ta haura mita uku, a Gini Bisau kuma, wajen bakin kogin Geba da tsibiran Bijagos, ta fi haka. Waɗannan wurare ne masu kamun kifi da noman shinkafa a bakin teku, ga tsuntsaye masu ƙaura, ga kunkurun teku. Duk ranar da aka kawo maganar kafa inji a irin waɗannan mashigai, taswirar da aka ɗauka kafin fara aiki ita ce hujjar da masunta da manoma za su riƙe in daga baya wani abu ya sauya.

Fezzan daga sama

Duban Fezzan daga sama ya daɗe. Masu binciken kayan tarihi ƙarƙashin David Mattingly na Jami'ar Leicester sun fara aiki a Wadi al-Ajal, wanda ake kira Wadi al-Hayat, a 1997, suna nazarin daular Garamantawa da cibiyarta take Jarma. Sun rubuta ɗaruruwan hanyoyin ruwa na ƙarƙashin ƙasa da ake kira foggara, waɗanda daga sama suke bayyana kamar jerin ramuka a layi. A 2011 ƙungiyar ta sanar da gano gidajen gona masu ganuwa da ƙauyuka fiye da 100 ta hotunan tauraron ɗan'adam, yawancinsu na ƙarni na ɗaya zuwa na biyar na miladiyya. Waɗannan hanyoyin ruwa sun ƙafe ne bayan da ruwan ƙasa ya yi nisa. Tun 2015 kuma shirin EAMENA na jami'o'in Birtaniya yake amfani da hotunan sama wajen bibiyar wuraren tarihin da gine-gine da noma ke cinyewa a Libiya da maƙwabtanta.

Ruwan da Fezzan ke sha a yau tsohon ruwa ne da ya taru a ƙarƙashin ƙasa dubban shekaru da suka wuce, kuma ruwan saman da Sabha ke samu a shekara, wanda bai kai milimita 20 ba, ba ya mayar da shi. Daga shi ake ban ruwa a manyan gonaki irin na Maknusa da Barjuj, daga shi kuma rijiyoyin Jabal Hasawna ke tura ruwa zuwa Tarabulus ta bututun Babban Kogin da Mutum Ya Gina tun 1996. Tafkunan gishiri na cikin rairayin Ubari, irin su Gabraun da Umm al-Ma, alama ce ta matsayin wannan ruwa. Tafkin Mandara ya riga ya ƙafe. Mutanen Dawada da suka rayu a bakin tafkunan, suna kamun ƙananan halittun ruwan gishiri, an kwashe su zuwa Wadi al-Hayat a shekarun 1980.

Wasu tafkunan ƙanana ne ƙwarai, ta yadda janyewar gaɓarsu da ƴan mitoci ba ta fitowa sosai a hoton tauraron ɗan'adam na kyauta. Hanyar ɗinke hotuna da ake bi a gaɓar teku ita ce za ta auna wannan janyewa, ta ƙirga itatuwan dabino masu rai da matattu, ta nuna tafiyar tudun rairayi zuwa gona ko filin farantan sola. Hanyar auna gudun ruwa kuwa ta dace da kwari mai ambaliya, inda ba mai iya shiga da ma'auni. Ghat ta sha ambaliya a watan Yunin 2019, Sabha ta sha ruwa mai ƙarfi da ya rusa gidaje a watan Satumban 2024, ɓallewar madatsun ruwa biyu a Darna a Satumban 2023 kuma ta halaka dubban mutane. Taswirar tudu da kwari tana nuna unguwar da ruwa zai fara shiga. Wannan ya shafi Hausawan Sabha kai tsaye, na dauri da suka gaji tsohuwar hanyar fatauci ta Ghat da Murzuk, da baƙin da suka zo daga Agadas, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Kano, domin da yawansu a gonaki da wuraren gini suke aiki, a gidaje marasa ƙarfi na gefen gari kuma suke kwana.

Ba sai an je Turai ba kafin a ga misali. A 2016 Hukumar Ƴan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi amfani da jirgin da wani ɗan Nijar ya ƙera wajen zana taswirar sansanonin Sayam Forage da Kabelawa a jihar Difa. A wannan shekarar ce Zanzibar ta fara zana taswirar tsibiranta da ƙananan jirage, an kuma yi irin wannan aiki a unguwannin Yamai da kogin Kwara ke yi wa ambaliya.

Doka, tsaro da mallakar hotuna

A Tarayyar Turai da Birtaniya, ƙaramin jirgi ba ya wuce tsawon mita 120 sai da izini na musamman, kuma mai shi sai ya yi rajista. A Najeriya tun 2016 ana buƙatar izinin hukumar sufurin jiragen sama ta NCAA da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A Nijar hukumar ANAC ce ke kula da sararin samaniyar farar hula. A kudancin Libiya, inda akwai sansanonin soja da filayen mai da shingayen bincike, tayar da jirgi ba tare da rubutaccen izinin hukumomin tsaro na wurin ba yana iya jawo kamu ko abin da ya fi haka, musamman ga baƙo. Irin wannan aiki ya fi dacewa ya bi ta hannun ƙaramar hukuma ko Jami'ar Sabha, da sanin shugabannin unguwa.

Akwai kuma batun sirri. Kyamarar da ke bambance tsuntsu daga mita 100 tana ganin tsakar gida da matan da ke ciki, tana ganin inda baƙi marasa takardu suke kwana. Hoton da aka ɗauka domin auna ambaliya yana iya faɗawa hannun wanda zai yi amfani da shi wajen kame ko ƙwace fili. Don haka kafin jirgi ya tashi akwai tambayoyi huɗu da mazauna wuri ke da haƙƙin yi: wa ya ba da izini, me za a ɗauka, a hannun wa hotunan za su zauna, kuma yaushe za a nuna wa jama'a sakamakon da harshen da suke ji.

Wasu kalmomi da takwarorinsu na Faransanci

Cikowar teku da janyewarta: marée.
Tashar lantarki mai madatsa a bakin teku: usine marémotrice.
Farfelar ƙarƙashin ruwa: hydrolienne.
Jirgi marar matuƙi: drone.
Ɗinke hotuna su zama taswira mai ma'auni: photogrammétrie.
Ruwan ƙarƙashin ƙasa: nappe souterraine.